Sikirin mai sheƙi ko mara sheƙi: yadda zaka zaɓa kafin ka sayi laftof

Yawancin masu sayen laftof tambayarsu bata wuce uku, RAM (ƙwaƙwalwar da laftof ke aiki da ita) nawa ne, wane furosesa ne a ciki, batirin yana awa nawa. Sikirin kuwa, wanda shine idonka zai zauna a kansa tun safe har dare, sai dai a tambayi inci nawa ne a wuce. Ni dai a ganina nan babban sakacin yake, don RAM a laftof da yawa ana ƙarawa daga baya, SSD, wato ma'ajiyar fayil, ma ana canzawa, amma fuskar sikirin yadda ka saye ta haka zaka zauna da ita shekara uku shekara biyar, in ta dace da inda kake aiki bazaka ma tuna da ita ba, in kuma bata dace ba kullum kana cikin karkata murfi, gyara zama, runtse ido, ka tashi da ciwon kai baka san daga ina ya fito ba.

Fuskar iri biyu ce. Akwai mai sheƙi, wadda in ka kashe laftof ɗin zaka ga fuskarka tsaf a ciki, akwai kuma mara sheƙi wadda in ka kashe sai dai kaga duhu-duhu, ko ka hango inuwarka bazaka rarrabe hanci da baki ba. Kuma tun yanzu bari in faɗi matsayata, ba kyan sikirin ne zai yanke hukunci ba, hasken wurin da zaka riƙa zama ne zai yanke. Duk sauran bayanin da zanyi akan wannan yake tafiya.

Da farko ka gane me ke faruwa a saman gilashin

Fuska mai sheƙi sumul take, haske in ya sauka a kanta dawowa yake a miƙe ta kusurwa ɗaya, shi yasa ƙwan fitilar dake bayanka zaka ganshi a sikirin da siffarsa ɗaf. Ita kuma mara sheƙi anyi mata wani shafi mai ɗan kaushi wanda ido baya gani, haske in ya sauka sai ya watsu ta ko'ina. Kamar ruwa ne a kwano, in yana kwance lum zaka ga fuskarka, in ka girgiza shi hasken yana nan amma hoton ya wargaje. Toh ka lura da wannan sosai, mara sheƙi ba haɗiye hasken take ba, watsa shi take, wato maimakon tabo ɗaya mai kashe ido sai ka samu hazo-hazo ya bazu a wani yanki na sikirin. Kuma wannan kaushin baya zaɓe, yadda yake watsa hasken dake shigowa daga waje haka yake ɗan watsa wanda ke fitowa daga cikin sikirin, shi yasa baƙi a kanta yake ɗan komawa toka-toka, kaloli su ɗan kwanta, gefen haruffa ya rage kaifi kaɗan.

Ga lissafi ɗan kaɗan da zai nuna maka girman abin. Gilashi zalla wanda ba'a shafa masa komai ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. Kashi 4 kamar ba komai ba ko? Toh hasken sikirin ana auna shi da nits, sikirin mai nits 300 wanda bambancin farinsa da baƙinsa 1000 da 1 ne, baƙinsa nits 0.3 ne kacal. Sararin sama da rana in ka hango shi ta taga yana kai dubban nits, ka ɗauka 5,000 ne, kashi 4 ɗinsa 200 kenan. Kaga inuwar tagar nan kaɗai ta kusa kamo farin sikirin ɗin gaba ɗaya, baƙi kam ba'a maganarsa, ya ɓace. Shi yasa duk wani alfaharin da ake yi da zurfin baƙi a sikirin mai sheƙi gaskiya ne amma a ɗaki mai duhu ko mai sassaucin haske, da ka buɗe labule lissafin ya canza.

Akwai kuma na uku a tsakani wanda mutane ke rikita shi da mara sheƙi, shine gilashi mai sheƙi da aka yiwa siririn shafi mai rage dawowar haske. Wannan baya watsa haske, rage shi yake, zaka ga inuwar fitila da siffarta amma ta dushe, kuma sau da yawa tana ɗaukar kalar shunayya ko kore-kore. Laftof masu tsada irinsu MacBook da wannan suke zuwa, kuma tsakaninsa da mai sheƙi na laftof mai araha tazarar ba kaɗan bace, kada ka haɗa su a kwando ɗaya.

Mataki na 1: gwada wurin zamanka tun kafin ka taɓa laftof

Wayarka dake hannunka sikirin mai sheƙi ce, don haka kana da abin gwaji kyauta. Je ka zauna daidai inda kake aiki, kashe hasken wayar, ka jingina ta a inda sikirin laftof zai tsaya, ka ɗan kwantar da ita baya yadda kake buɗe murfi. Yanzu duba baƙin gilashin daga yadda ka saba zama, kada ka sunkuya. Me ka gani? In duhu ne kawai da ɗan alamar kafaɗarka, wurin nan mai sheƙi zata zauna lafiya. In kuwa ka hango taga, ko dogon ƙwan lantarkin silin, ko farin bango da rana ta haske, ko ma farar rigarka tana ɗaukar ido, toh duk abinda ka gani a wayar nan zaka ganshi a laftof, kuma ya fi girma tunda sikirin inci 14 ko 15.6 ya ninka waya sau da yawa.

Kada ka gwada sau ɗaya ka tashi. Gwada da safe, da azahar, da yamma lokacin da rana ta karkata tana shigowa ta gefe, da kuma dare in an kunna fitila. Ɗakin da yake lafiya lau da ƙarfe goma na safe zai iya zama abin wahala da ƙarfe huɗu.

Sannan ka tambayi kanka tambayar da ta fi kowacce nauyi, shin hasken wurin a hannunka yake? In ɗakinka ne, kai ke ja da labule, kai ke matsar da tebur, kai ke zaɓar fitila, toh mai sheƙi bazata gagare ka ba. Amma ɗalibin da yau yana aji gobe yana laburare jibi yana ƙarƙashin bishiya, ko ma'aikacin da aka ajiye masa tebur taga na bayansa kuma bashi da ikon juya shi, ko mai yawan tafiya a mota da jirgi, waɗannan hasken ba nasu bane, kuma su nake cewa kai tsaye su nemi mara sheƙi. Ofis na yau da kullum haskensa a ma'aunin lux, wato yawan hasken dake sauka a wuri, tsakanin 300 ne zuwa 500, inuwa a waje da rana tana haura 10,000, tsakar rana kuma tana kai 100,000, kaga ba ƙaramin tsalle bane tsakanin ciki da waje.

Wani abu game da waje da ba kowa ke faɗa ba, in rana ta bugi sikirin mara sheƙi kai tsaye gaba ɗayansa yake yin fari fat saboda ya watsa hasken ko'ina, babu kusurwar da zaka karkata ka tsira, mai sheƙi kuwa wani lokacin in ka karkata ta ranar ta kauce daga idonka zaka ɗan ga rubutu. Amma wa yake aiki a tsakar rana? A inuwa ake zama, kuma a inuwa mara sheƙi ce ke gaba, don a can abinda ke damun mutum shine hoton sama da bishiyoyi da masu wucewa a bayansa.

Mataki na 2: me kake yi da laftof ɗin, tsakani da Allah

Ba abinda kake burin yi ba, abinda kake yi yanzu. In mafi yawan lokacinka karatu ne, rubutu a Word, lissafi a Excel, rubuta kod, amsa saƙonni, toh zurfin kala ba zai ƙara maka komai ba, abinda kake buƙata shine ido ya huta. Kuma ga dalilin da yasa inuwa a sikirin mai sheƙi take gajiyarwa, rubutun yana nesa da idonka kamar rabin mita ko fiye kaɗan, amma hoton tagar da ya fito a gilashin a wurin ido yana can nesa, tazarar tagar ce gaba ɗaya, sai ido ya riƙa kai da komo tsakanin kusa da nesa baka ma sani ba, awa shida awa takwas a haka dole a ji a jika. A mara sheƙi babu wani hoto mai kaifi da ido zai kama, hazo ne kawai.

In kuma kai mai kallon finafinai ne da dare, ko aikin hoto da bidiyo kake a ɗakin da ka tsara haskensa, mai sheƙi zata baka abinda mara sheƙi bazata iya ba, baƙi ya zauna baƙi, ja ya fito jajir, ƙananan abubuwa a hoto su fito tar. Ban yarda da masu cewa mai sheƙi yaudara ce kawai ta masu talla ba, kyanta na gaske ne. Sai dai mai gyaran hoto da za'a buga a takarda ya sani cewa sikirin mai sheƙi yana iya sa hoto ya yi masa kyau fiye da yadda zai fito, shi yasa manyan monito na masu wannan sana'ar da yawansu marasa sheƙi ne.

Masu son dak mod, wato baƙin bango da farin rubutu, ku saurara nan. Inuwa a kan baƙi take fitowa, fari ɓoye ta yake. Don haka dak mod a sikirin mai sheƙi a ɗaki mai haske shine haɗi mafi muni da zaka yi, zaka wuni kana kallon fuskarka a bayan rubutu. In baka iya rabuwa da dak mod kuma da rana kake aiki, mara sheƙi kawai.

Masu gem, wato wasannin kwamfuta, kuma yawancin laftof ɗinsu dama da mara sheƙi suke zuwa, zaɓin bai cika tasowa ba.

Sai masu son sikirin na taɓawa ko na rubutu da alƙalami. Yawancin irin waɗannan akwai gilashi a samansu, kuma gilashin mai sheƙi ne, haka ma sikirin OLED, wani irin sikirin da zanyi bayaninsa a mataki na 4, mafi yawansu masu sheƙi ne. Wato wani lokacin da ka ce kana son taɓawa ko OLED ka riga ka zaɓi sheƙi ba tare da ka sani ba. Akwai na taɓawa marasa sheƙi a wasu laftof na ofis amma sai ka nema. Kuma ka tuna shatin yatsa da maiƙon hannu a mai sheƙi sun fi fitowa ɓaro-ɓaro.

Mataki na 3: duba nits, don shi ne ke ceto ko kashewa

Sikirin mai sheƙi da haske yake yaƙar inuwa, in hasken cikinsa ya rinjayi na waje inuwar sai ta dushe. Laftof masu araha da yawa nits 220 zuwa 250 suke, irin wannan in ya haɗu da sheƙi gaskiya ban ba kowa shawarar saye ba sai wanda a ɗaki mai duhu kaɗai zai yi amfani dashi. Nits 300 ya wadatar a cikin ɗaki in fuskar mara sheƙi ce. Mai sheƙi kuwa ni bana sauka ƙasa da 400, in 500 ne ya fi, in kuma zaka riƙa fita waje ko wacce iri ce ka nemi 500 zuwa sama.

Amma akwai kuɗin da ake biya, ba na aljihu ba na batir. Sikirin yana cikin abubuwan da suka fi shan wuta a laftof, in kullum sai ka ƙure haske kafin ka ga rubutu toh awannin da aka rubuta a kwali bazaka gansu ba. Mai mara sheƙi yana iya zama a rabin haske a wurin da kai sai ka kai ƙarshe. Wannan ribar ba'a rubuta ta a takardar bayani amma kullum zaka ci moriyarta.

Mataki na 4: kada sheƙi ya rufe maka ido daga ainihin sikirin

Nan ne ake yiwa mutane wayo, ko kuma suke yiwa kansu. Sheƙi fata ce kawai, abinda ke ƙarƙashinta shine ke bada kala. Na ƙarƙashin nan kuma iri-iri ne, akwai TN, shine tsohon yayi mai araha, da ka ɗan ɗaga kai ko ka sunkuya kala ta juye, akwai IPS wanda ta ko'ina ka kalla kusan ɗaya ne, akwai OLED wanda kowane fiksel, wato ɗan ɗigon da irinsa suke haɗuwa su zama hoto, da kansa yake haske shi yasa baƙinsa baƙi ne na gaske. Sannan akwai yawan kalar da sikirin ke iya nunawa, wanda ake aunawa da ma'aunai irinsu NTSC da sRGB da DCI-P3, in ka ga an rubuta 45% NTSC toh kalarsa a wanke take, bai kai kashi biyu cikin uku na sRGB ba, in ka ga 72% NTSC ko 100% sRGB wannan shine daidai, DCI-P3 kuma ya fi faɗi.

Abinda nake so ka riƙe, IPS mara sheƙi mai 100% sRGB ya fi TN mai sheƙi kyau nesa ba kusa ba, ko a duhu ko a haske. Mutane da yawa da suke cewa mara sheƙi bata da kala, wani sikirin mai 45% NTSC suka gani a laftof na ofis suka ɗora laifin a kan rashin sheƙi. Don haka in zaka kwatanta, kwatanta iri ɗaya da iri ɗaya.

Sai maganar yawan fiksel. A sikirin 1920 x 1080 mai inci 14 ko 15.6 kaushin mara sheƙi bai cika damun kowa ba. Amma in fiksel suka ƙanƙance sosai kamar 2560 x 1600 zuwa 4K, shafi mai kauri yana iya cinye kaifin da ka biya kuɗi dominsa, a nan ne mai sheƙi ko mara sheƙi mai sauƙin shafi take da hujja.

Mataki na 5: karanta takardar bayani da kyau

Kamfanoni basu cika rubuta abin a fili ba. In ka ga Anti-glare ko Matte, mara sheƙi ce. In ka ga Glossy ko Glare, mai sheƙi ce. In ka ga Anti-reflective, yawanci gilashi ne mai sheƙi da aka yiwa shafin rage inuwa ɗin nan da na faɗa a sama, ba mara sheƙi bace, kada kamannin sunan ya ruɗe ka. Wasu kuma sunan kansu suke sawa, BrightView na HP mai sheƙi ne, TrueLife na Dell mai sheƙi ne, CineCrystal na Acer mai sheƙi ne, ComfyView na Acer ɗin kuma mara sheƙi. Layin laftof na ma'aikata irinsu ThinkPad da Latitude da EliteBook mafi yawansu marasa sheƙi ne, kuma ba banza ba, an yi su ne don masu wuni a ƙarƙashin fitilun ofis.

Wannan ja-in-ja ɗin ma ba yau ya fara ba. A 2008 Apple ta fito da sabon MacBook Pro mai inci 15 da gilashi mai sheƙi kaɗai, masu aikin hoto da zane suka yi ta ƙorafi, a 2009 ta dawo da zaɓin mara sheƙi. Daga baya ya sake ɓacewa shekaru, sai a ƙarshen 2024 ta kawo wanda take kira nano-texture a MacBook Pro, inda ake sassaƙa gilashin kansa da ƙananan zane don ya watsa haske ba tare da ya kashe kala sosai ba. Abin lura a nan shine buƙatar bata taɓa mutuwa ba, masu aiki da rana kullum suna nemanta.

Ka kula kuma, laftof mai suna ɗaya da lamba ɗaya yana iya zuwa da sikirin iri uku ko huɗu, wani mai nits 250 wani 400, wani na taɓawa wani ba na taɓawa ba. Kada ka dogara da bidiyon wani da ya gwada nasa, duba cikakkiyar lambar wanda zaka saya. In mai sikirin sirri ne irin Sure View na HP, wanda ke hana na gefe leƙe, ka gwada shi da idonka tukunna don yana canza yadda haske ke fitowa ko a gaba kake.

Mataki na 6: gwaji da hannu, minti biyar ya isa

In laftof ɗin yana gabanka, fara da kashe sikirin. Kunna tocilar waya ka haska daga ɗan nesa ta gefen kafaɗarka. A mai sheƙi zaka ga ɗigon haske ƙarami mai kaifi, duba ƙarfinsa, in yana soke ido fari tas toh babu shafin kirki, in ya dushe ya koma shunayya ko kore akwai. A mara sheƙi zaka ga dunƙulen haske mai gefe laushi, in ƙarami ne har kana iya gane tsakiyarsa shafin mai sauƙi ne, in ya bazu ya cinye wuri babba shafin mai kauri ne, zai ɓoye inuwa sosai amma zai fi dusar da hoto.

Sai ka kunna, ka buɗe farin shafi fes, ko Notepad ma ya isa, ka ƙure haske ka matso kusa. A wasu marasa sheƙi zaka ga farin ba sumul yake ba, akwai wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu ƙyalƙyali da suke motsi in ka motsa kai. Wasu mutane basa ma lura, wasu kuma da sun gani sau ɗaya bazasu daina gani ba, in kana cikin na biyun gara ka sani yanzu. Rubuta layi biyu da ƙananan haruffa ka karanta daga inda ka saba zama.

Bayan nan buɗe hoto mai duhu ko baƙin shafi, ka juya laftof ɗin yadda fitila ko ƙofa zata kasance a bayanka, wato ka nemo masa wuri mafi muni da gangan. Bidiyon talla da ake sawa yana ta juyawa a laftof na nuni, furanni da tsuntsaye masu kala, an zaɓe shi ne don ya fito da ƙarfin sikirin ya ɓoye rauninsa, rufe shi ka buɗe irin abinda kai zaka riƙa kallo. Daga ƙarshe rage hasken zuwa rabi ka gani ko har yanzu kana karatu ba wahala, don a nan zaka fi zama in kana kan batir.

In na hannu ne zaka saya ƙara abu ɗaya, sikirin na iya zama ba na asali ba, an taɓa fasa shi an sa wani. Manhaja irin HWiNFO tana nuna lambar sikirin da kamfanin da ya ƙera shi, AUO ne ko BOE ko LG ko Innolux, sai ka bincika lambar ka ga nits ɗinsa da kalarsa. Haska tocila a karkace kuma ka duba ko akwai shatin madannai a fuskar, ko wurin da shafin ya goge yana sheƙi daban da sauran, wannan baya gyaruwa.

In ta intanet zaka saya ba damar taɓawa, toh nemi hotunan da masu gwaji suka ɗauka a waje ko kusa da taga, da nits ɗin da suka auna da na'ura ba wanda kamfani ya rubuta ba, kuma ka tabbatar akwai damar mayarwa.

In ka riga ka saya fa?

Mai sheƙi tana da magani. Na farko juya tebur yadda taga zata koma gefenka, ba bayanka ba, ba kuma bayan sikirin ba don nan ma ido zai sha wahala da hasken dake fuskantarsa. Miƙar da murfin ya ɗan tsaya sosai, yawan kwantar dashi baya shine ke kamo fitilun sama. Koma farin bango da rana, ka bar dak mod sai dare. In duk basu isa ba akwai sikirin gad mara sheƙi da ake mannawa, yana aiki, amma ka sani zai rage kaifi fiye da wanda aka yi a masana'anta, kuma manna shi a inci 15 ba tare da ƙura ta shiga ba aiki ne na haƙuri, goge fuskar tas, kashe fanka, ka fara daga gefe ɗaya kana bi da kati a hankali. In laftof ɗinka siriri ne sosai duba bayanin kamfani tukunna, wasu tsakanin sikirin da madannai babu sarari, ƙarin kauri na iya jawo matsala in an rufe.

Mara sheƙi kuwa bata komawa mai sheƙi. Ko ka manna mata leda mai sheƙi kaushin yana nan a ƙasa, ka tara illa biyu kenan. Akwai masu ɓare shafin da jiƙaƙƙen ƙyalle, don Allah kada ka gwada, a manne yake da fatar da ke tace hasken sikirin, in ta yage sikirin ya tafi. In kalar ce bata maka ba, monito na waje ka nema ka jona in kana gida.

Ko wacce ka ɗauka, daidaita hasken sikirin da na ɗakin, farin shafi ya yi kusa da hasken farar takarda a gefenka, kuma duk minti 20 ka ɗaga ido ka kalli abu mai nisan ƙafa 20, kusan mita 6 kenan, na daƙiƙa 20.

Wajen gogewa kuma a kashe laftof tukunna, a samu ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, a ɗan jiƙa ƙyallen da ruwa mai tsafta, ba'a fesa komai a sikirin kai tsaye don ruwa na gangarawa ya shiga ta ƙasan firam. Banda tishu, banda bakin riga, banda ruwan wanke gilashin taga don yana cin shafi. Mai sheƙi zata nemi gogewa akai-akai amma tana fita da sauƙi, mara sheƙi bata cika nuna datti ba amma in maiƙo ya shiga kaushinta sai ka bi a hankali sau biyu sau uku, kada ka danna da ƙarfi don wurin zai iya yin sheƙi na dindindin. Mai nano-texture kuma ƙyallen da ya zo dashi a kwali kaɗai zai yi amfani dashi, haka kamfanin ya ce.